Ranar Da Muntari Ya Ɗaura Wa Motar Surukinsa Birki

Duk wanda ya zauna Ƙaura Namoda ya san Malam Muntari, in bai san fuskarsa ba ya san bakinsa. Malamin fasaha ne a wata ƙaramar sakandare. Shekara tara yana zana injin mota a allo da alli kala biyu, har da kibiyoyi, amma ko facin tayar keke bai taɓa yi ba. Wannan bai rage masa komai ba. In janareta ya mutu a masallaci, shi ne zai tsaya a kan mai gyara yana lissafa masa abin da ya lalace, in ya tashi ya dubi jama'a ya ce ai dama ya faɗa.

Abin da ke cin ransa a wannan lokacin ba na makaranta ba ne. Matarsa Hafsat ta tafi gidan iyayenta a Zurmi haihuwar fari, ta sami 'ya mace aka sa mata Mubaraka, aka gama wanka, aka yi arba'in, aka ɗora wata uku a kai, shiru. Muntari ya sha shayi da burodi har mai shayin ya daina tambayarsa abin da za a haɗa masa. Duk aiken da ya yi amsar ɗaya ce: za a kawo ta da gararta cikin motar mahaifinta, haka ake yi a gidan. Motar kuwa birkinta na baya ya gama aiki. An sayo sababbin faifai biyu da kalifa biyu, wato ƙarfen nan da ke cafke faifan in an taka birki, suna cikin kwali a zaure suna jiran Mus'ab bakanike, wanda wani aiki ya riƙe a Shinkafi. Ga azumi saura kwana uku. Surukarsa Hajiya Tasalla ta riga ta yanke magana, in aka ga wata Hafsat tana gida, to sai bayan Salla.

Ran Laraba da sassafe Muntari ya dira a Zurmi, da sufana uku da ya aro daga ɗakin gwajin makaranta, da wani bidiyo na minti goma a waya wanda ya kalli rabinsa.

Surukinsa Malam Rufa'i tsohon magatakardan kotu ne, mutum mai ƙarancin magana. Tun da aka ɗaura aure Muntari bai taɓa duban fuskarsa ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, sunansa kuwa ko a mafarki. Akwai wani ɗalibi Rufa'i a ajinsa, shi ma “mai sunan Baba” yake kiransa. Ya cire takalma tun daga bakin kwata, ya durƙusa a zaure, ya yi wa tabarma magana.

“Allah shi gafarta Malam, na ji an ce birki na yat tsai da tahiya.”

Malam Rufa'i ya ce, “Haka na. Muna jiran Mus'abu.”

“Ai Mus'abu aikin hannu kaɗai ya iya, Baba. Mu munka karanci abin tun daga tushe. Awa biyu na, in ya yi yawa.”

Malam Rufa'i ya dubi bango, ya ce, “To.”

Gidan yana kan ɗan tudu, lungun ya gangara zuwa rumfar Alamin tela, wadda ke kallon ƙofar gidan. Alamin sa'an Malam Rufa'i ne, tare suka yi allo, kuma Allah ya hore masa baki wanda ya fi almakashinsa kaifi. Da ya ga Muntari ya naɗe hannun riga, sai ya tsayar da kekensa, ya jawo benci bakin rumfa. Kafin a kwance taya ɗaya bencin ya cika.

Aka fara da jak. Muntari ya kafa shi a kan yashi, yana ɗagawa jak yana nutsewa, mota tana nan inda take.

Alamin ya ce, “Malam Muntari, mota kaka ɗagawa ko rijiya kaka gina muna?”

“Ƙasar Zurmi ta ba ta da ƙwari. A Ƙaura da tuni na gama.”

Aka kawo katako aka sa. Da motar ta ɗagu, ya rasa abin da zai tokare ta, sai ya aika cikin gida a ba shi aron turmi. Hajiya ta aiko da shi tare da saƙon cewa turmin gadon uwarta ne. Ya kwance taya, ya kwance tsohon kalifa, tsohon faifai ya ce bai san zance ba, tsatsa ta liƙe shi. Muntari ya sake aikawa a kawo taɓarya. Bugu na shida faifan ya fito, taɓarya ta dare biyu. Ya tura gutsattsarin ƙarƙashin mota da ƙafa, yana waige, alhali mutum fiye da goma suna kallonsa.

Sababbin faifan sun zo shafe da wani maiƙo mai yauƙi, irin wanda ake sa wa ƙarfe don kada ya yi tsatsa a kwali. Wani direba da ke bencin ya ce a wanke shi da fetur tukuna.

Muntari ya yi dariyar da yake yi wa ɗaliban kujerar baya. “Kai kana ganin waɗanda sunka ƙera abin ga ba su da hankali, su ɓata mai hakanan banza? Shi aka kira kariya. A littahi shahi guda gare shi.”

Direban ya ce Allah ya ba da sa'a, ya gyara zama.

Sai aka zo kan kalifa. Kowane ɗaya yana da wani ɗan noti mai huda a jikinsa, wanda ake kwancewa iska ta fita. Muntari ya gwada na farko a dama, ɗan notin ya kalli sama. Ya ɓata fuska, ya ɗauke shi ya kai hagu, ya kalli ƙasa. Nan ya yi murmushi, ya ɗaura na dama a hagu, na hagu a dama.

Alamin ya leƙo ya ce, “Ni dai ba bakanike ba na, amma waɗanda ka hidda, abin ga sama shika kallo.”

“Shi yas sa sunka lalace, Baba Alamin. Man birki ruwa na. Ka taɓa ganin ruwa ya hau sama? Aji ɗaya muka koyar da wanga.”

“To iskar da kac ce za a hidda hwa, ita ƙasa taka bi?”

“In na ga an ɗinka wuyan riga a karkace ina zuwa in tambaye ka. Wanga hwagen namu na.”

Da ya gama ɗaurewa sai ga wata waya ta rage a kowane gefe tana lilo, wayar hambirki. Ya juya ta, ya gwada nan ya gwada can, bai ga gurbinta ba. Ya naɗe ta ya ɗaure da tsumma, ya sanar da benci cewa motocin yanzu an wuce wannan.

Awa biyun nan sai da suka kai azahar. Bayan an idar da salla aka zo ga aikin da ya rage, cire iska. Aikin mutum biyu ne. Ɗaya zai zauna a kujerar direba ya taka birki ya riƙe, ɗaya a ƙasa ya kwance ɗan notin iska ta fita, ya ɗaure, sannan na sama ya saki. In na sama ya ɗaga ƙafa noti yana buɗe, iskar da aka fitar za ta koma har da 'yan rakiya. Kalma uku ce kawai tsakaninsu: taka, riƙe, saki.

Muntari ya dubi direban nan ya ce ya shiga. Mutanen benci suka dubi juna. Kowa a lungun ya san shekara goma sha huɗu ke nan da Malam Rufa'i ya sayi motar, kuma ba wani mahaluki da ya taɓa zama a kujerarsa. Ko Mus'ab in zai gwada ta, gefe yake zama Malam ya tuƙa. Malam ya fito daga zaure da carbinsa, ya tattare babbar riga, ya shiga ya zauna, ya ce, “Bisimilla.”

A nan Muntari ya gane inda ya jefa kansa. Yana kwance a ƙasa da sufana a hannu, kuma ana jiran ya buɗe baki ya ce wa uban matarsa “taka”, kamar mai koyar da ɗan tasha. Gumi ya keto masa. Ya yi gyaran murya.

“Allah shi gafarta Malam, in ba takura, in kuma ƙahwa ba ta gaji ba, da an ɗan taimaka an aza ta bisa...”

Malam ya riga ya taka ya saki tun a “gafarta”.

“Allah shi ƙara girma, da an ɗan yi haƙuri an bar ta nan, kamin...”

Malam ya ɗaga ƙafa, ya juyo da kai ta taga. “Mi yac ce?”

Alamin ya taso, wai zai taimaka, ya tsaya tsakanin taga da tayar baya. Muntari ya riƙa raɗa masa, shi kuma yana isarwa da muryar sanƙira.

“Malam, surukinka na gaishe ka, ya ce a taka.”

“Ina amsawa. Ka ce mishi na taka.”

“Malam Muntari, ya amsa, ya ce ya taka.”

“Ka ce a riƙe.”

“Malam, ya ce yana neman alhwarma a riƙe.”

“Ai na saki. Ka ce mishi shi yi haƙuri.”

Haka aka yi ta yi. Sau ɗaya aka dace Malam ya taka ya riƙe, Muntari ya kwance noti, sai ga limamin unguwa ya zo wucewa ya yi sallama. Malam Rufa'i ba mutumin da zai amsa wa liman a zaune ba ne. Ya buɗe ƙofa ya fito, suka yi musabaha, aka tambayi iyali da zafi da labarin hanyar Moriki. Muntari yana ƙasa yana jin noti yana zuƙar iska kamar mai shan koko da zafi.

Man birki ya yi ta tsiyaya a yashi har kwalba biyu suka ƙare. Da la'asar Malam ya taka, fedar birki ta tafi luf har ƙasa.

Ya ce, “Alamin, ka ce mishi birkin ya yi taushi.”

Muntari ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya amsa wa tayar gaba. “Allah shi gafarta Malam, sabon birki haka shike. Tsohon na yas saba ma ƙahwa da wahala. In ya kwana zai kama jikinai.”

Aka mayar da tayoyi, aka sauke mota, aka sa dutse a bayan taya. Turmin Hajiya ya koma gida da tsaga tun daga baki har gindi.

Kafin magariba aka ba shi izinin ganin Hafsat a soron ciki. Ta miƙa masa Mubaraka, ta dubi hannuwansa da suka yi baƙi, ta karɓe ta.

Ta ce, “Abban Mubaraka, ni ma na gaji, ɗakina nika so. Shi yas sa na kira Mus'abu na roƙe shi. Ya ce gobe zai baro Shinkahi da sahe, ƙarhe goma shina nan. Duba ta kawai zai yi, mu tahi.”

“Shi duba mi? Aikina?”

“Kwanon girkina da kac ce za ka gyara ma hannu, ina shike?”

“Wannan ƙarhen na ba shi da kyau.”

“Don Allah ka bari shi duba. Awa guda ta.”

Muntari ya fita ransa a ɓace. Wai a gaban bencin nan, bayan duk bayanin da ya yi, wani wanda bai gama sakandare ba ya zo ya leƙa aikinsa. Ya kwana a gidan wani abokinsa, gari na wayewa ya koma zauren Malam ya durƙusa, ya shaida wa tabarma cewa hanya ta fi daɗi da wuri, kuma yanzu ba a son tafiya ta kai yamma, gara a tashi ƙarfe tara. Wannan maganar gaskiya ce, shi ya sa ta karɓu.

Ƙarfe takwas da rabi lungun ya cika. Gwaggwanni da ƙannen Hajiya 'yan rakiya sun yi kwalliya, maƙwabta sun fito, bencin Alamin har da na tsaye. Aka yi ta fito da gara ana jerawa a but ɗin bayan mota: buhun shinkafa, jarkar man gyaɗa, jarkar manja, robobin alkaki da nakiya da dubulan da Hajiya ta yi kwana huɗu tana haɗawa. Kaya suka yi yawa but ya ƙi rufuwa, aka bar shi a buɗe. Hafsat tana bakin zaure da goyo, Hajiya tana bayanta. Muntari ya sa farar shadda, yana zagaya mota yana bubbuga taya da ƙafa.

Ya ce wa benci, “Ku ce ma Mus'abu in ya zo shi sha ruwa shi koma. In yana son darasi, ina aji ranar Litinin.”

Motar tana kallon gida ne, sai Malam ya ce bari ya juya ta kafin mata su shiga. Muntari da kansa ya ɗauke dutsen da ke bayan taya, ya jefar da shi gefe da ƙarfi don a gani. Malam ya tayar da mota, ya sa ribas, ta fara ja da baya. Ta wuce inda ya kamata ta tsaya. Ta ci gaba.

Ba gudu take ba, tafiyar mai zuwa masallaci da wuri take yi, amma gangara ce. Malam yana zaune ƙyam, hannu biyu a sitiyari, yana kallon gabansa. Muntari ya bi gefen taga a sunkuye, kansa a ƙasa.

“Allah shi gafarta Malam, in da hali da an ɗan...”

Mota ta ƙara sauri. Malam ya ja hambirki, hannun ya taso fayau ba nauyi, wayarsa tana can ɗaure da tsumma.

“Allah shi ƙara girma, nac ce ko da za a taimaka...”

Mutanen benci suka watse. Alamin ya rungumi kan kekensa ya yi tsalle. Muntari ya hango rumfa, ya hango jarkoki suna rawa a but, ya hango kwana talatin na sahur da burodi, sai kansa ya kwance. Ya miƙe tsaye, ya daki rufin mota da tafin hannu, ya kwatsa ihun da aka ji har bakin kasuwa.

“Kai Rufa'i, taka birki mana!”

Mota ta shiga rumfar Alamin da baya, ta tuge ginshiƙi, kwano ya sauko ya kwanta a kanta. Jarkar manja ta fashe a kan yadukan Salla na mutane. Robobi suka kife, alkaki da dubulan suka bi gangara, awakin unguwa suka zo gaisuwa. Injin ya yi tari biyu ya mutu.

Ba wanda ya ji ciwo, kuma ba wanda ya dubi motar. Duk lungun Muntari ake kallo. Wata gwaggo ta toshe baki da mayafi. Hajiya Tasalla, wadda ta shekara talatin da shida a gidan ba ta taɓa furta sunan nan ba, ta riƙe ƙyauren zaure. Hafsat ta juya fuska bango. Muntari ya ji da ƙasa za ta tsage ya shige da ya gode mata, ya tsaya hannunsa a sama inda ya bar shi.

Ana cikin haka babur ya tsaya, Mus'ab, wanda ya yi sammako, ya sauko da jakar kayan aikinsa. Ya yi sallama. Ya tsallake manja, ya durƙusa ya leƙa bayan taya, ya zagaya ya leƙa ɗayar, ya shafa faifai ya dubi yatsansa.

Ya ce, “Wa yai wanga aiki?”

Alamin, da kan keke a ƙirji, ya ce, “Wanda ya karanci abin tun daga tushe.”

“Na dama na hagu, na hagu na dama. Notin iska ƙasa shika kallo, iska ko sama taka taruwa. Ko shekara anka yi ana takawa ba ta hita. Ba a wanke hwaihwai ba, ba a sa wayar hambirki ba.” Ya miƙe yana goge hannu. “Da an bar min ita, kamin azahar kuna Ƙaura. Yanzu ga but ya lotse, sai mai bugun jiki.”

Muntari ya buɗe baki, don har yanzu da sauran bayani a cikinsa. “Ai a ƙa'idar kimiyya...”

Hajiya ta katse shi, ba tare da ta dube shi ba. Da ƙanwarta take magana. “Asiya, ku kwashe abin da awaki sunka rage. Hafsatu, koma ciki ki kwance goyo. Sai bayan Salla.”

Muntari ya matsa kusa da zaure, murya ƙasa ƙasa. “Hafsat, wata guda na ke nan ko?”

Hafsat ta gyara goyonta, idonta ya ciko don takaici. Ta ce, “Ka ji ta ce ƙaramar Salla?” Ta shige gida.

Sai a lokacin jama'a suka tuna da mai motar. Aka ɗaga kwanon rumfa. Malam Rufa'i yana zaune yadda yake, hularsa ko karkacewa ba ta yi ba, ƙafarsa ta dama tana danne da feda har ƙasa. Ya sauke gilashi a hankali, bai dubi inda surukinsa yake ba.

Ya ce, “Alamin.”

“Na'am, Malam.”

“Ka tambayar min malamin hwasaha. Rufa'i ya taka. Shi riƙe, ko shi saki?”